ABIN DA KE ƘARƘASHIN ƘASAR SABO

Wannan shi ne jawabin da wani malamin ilmin duwatsu ya yi wa jama'ar Sabo ta Mokola, a birnin Badun, a wajen taron wayar da kai wanda reshen jam'iyya na unguwar ya shirya. An buga shi ne domin amfanin 'yan Arewa mazauna Kurmi, musamman masu haƙar rijiya, da masu fasa dutse, da masu neman zinariya, da masu cinikin duwatsun ado.

 

Tun shekarar 1916 aka yanka wa Hausawa wannan wuri a gindin tudun Mokola, aka ce su zauna. Goro da shanu su ne suka kafa Sabo, su ne kuma suka riƙe ta shekara da shekaru. Amma duk wanda ya dubi yaran da motoci ke saukewa daga Arewa a wannan zamani, zai ga da yawa daga cikinsu ba goro ya kawo su ba. Wani diga ce a kafaɗarsa, haƙar rijiya ya zo nema. Wani wurin fasa dutse ya nufa, a bakin babbar hanyar Ikko. Wani dajin Ilesha za shi wankin zinariya, wani kuwa Oke-Ogun ya dosa, an gaya masa akwai dutsen da in ya samu guda ɗaya ya huta da talauci. Dukkansu da dutse su ke cin abinci, alhali kuwa ba a taɓa zaunar da su an gaya musu mene ne dutse ba. Wannan rashin sani yana cin kuɗi, wani lokaci ma har rai ya kan ci.

Abu na farko shi ne a rarrabe tsakanin dutse da ma'adini, domin a bakin jama'a duk ɗaya ne. Wanda ya san garau-garau ya riga ya gane rabin maganar. A cikin kwano ɗaya ga shinkafa, ga wake, ga gishiri, kowanne da kamanninsa, amma haɗuwarsu ita ce abincin. To, ma'adini shi ne kamar ƙwayar shinkafa ko ta wake: abu ne guda, mai sinadari sananne, mai tauri sananne, wanda duk inda aka same shi a duniya halinsa bai sakewa. Dutse kuwa shi ne kwanon gaba ɗaya. Idan mutum ya ɗauki tsakuwar da a ke zuba kankare da ita ya duba da kyau a rana, zai ga ƙwayoyi iri uku. Akwai mai haske kamar fasasshiyar kwalba, ita ce malamai ke kira kwats, ita ce kuma yashin rafi in ta farfashe. Akwai fara ko ja-ja mai dushi-dushi, sunanta felsifa, ita ce ta kan ruɓe ta zama yumɓun da a ke ginin tukwane. Sa'an nan akwai baƙa mai ƙyalli wadda ta ke ɓarewa kamar ɓawon albasa, ita ce maika. Waɗannan uku in sun haɗu, su ne dutsen giranit.

Ma'adinan da masana suka ƙidaya sun wuce iri 5,000, amma waɗanda suka gina yawancin duwatsun duniya ba su fi 'yan gomiya ba. Zinariya da kuza da dalma da sauran waɗanda a ke rububi a kansu ɗan ƙanƙanen kashi ne ƙwarai, kuma ba ko'ina Allah Ya ajiye su ba. Kowane ma'adini yana da irin dutsen da ya ke zama a ciki. Sanin wannan shi ne bambancin mai nema da mai haƙa a banza.

Duwatsu kansu gida uku ne.

Gida na farko shi ne na narkakken dutse. A can cikin ƙasa akwai zafin da ke narkar da dutse ya koma kamar kunu. In wannan kunu ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa, cikin dubban shekaru, sai ƙwayoyinsa su sami sararin girma, a sami giranit. Kufena ta Zariya, da dutsen Kwatarkwashi, da Zuma na kusa da Suleja, duk 'yan wannan gida ne. A cikin ƙasa suka daskare, ruwa da iska suka kwashe abin da ya rufe su, suka bar su tsaye. In kuwa kunun ya ɓullo waje ta bakin dutse mai aman wuta, sai ya huce da sauri, ya zama baƙin dutse mai laushin ƙwaya, irin wanda ya shimfiɗe ƙasar Biu da wajen Panyam.

Gida na biyu shi ne na kwantaccen dutse. Ruwa ya kan kwaso yashi da laka da ɓawon halittun ruwa ya jibge su hawa-hawa, nauyin na sama ya danne na ƙasa, har su manne su zama dutse. Mutanen Sakkwato suna zaune a kan irin wannan. Dutsen Kalambaina, wanda a ke ƙonawa a yi siminti tun shekarar 1967, cike ya ke da ɓawon dodon-koɗi da sauran halittun teku, domin kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ce kwance a wurin. A ƙasar Goronyo ma an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, har masana suka raɗa masa suna da sunan garin. Dutsen Ewekoro na kan hanyar Abekuta zuwa Ikko ɗan'uwan na Kalambaina ne. A cikin wannan gida a ke samun kwal irin na Inugu, da man fetur, da ruwan ƙasa mai yawa.

Gida na uku shi ne na rikiɗaɗɗen dutse, kuma a nan ya kamata a daɗe, domin shi ne gidan Mokola. Kowa ya san yumɓu in ya shiga wuta ya fito, ya zama tukunya, ba ya sake komawa laka. Haka dutse ya ke. In ƙasa ta motsa ta tura shi can ciki, zafi da matsi suka haɗu a kansa ba tare da ya narke ba, sai ya sake hali. Dutsen siminti ya kan rikiɗa ya zama farin dutsen nan mai santsi da a ke haƙa a Igbeti, a nan Jihar Oyo. Giranit ya kan rikiɗa ya yi zane-zane fari da baƙi kamar saƙi, shi ne a ke kira nais, shi ne kuma mafi yawan abin da ke ƙarƙashin Badun. Dutsen yashi kuwa in ya rikiɗa, ƙwayoyinsa su kan narke cikin juna ya yi taurin da ya fi na wuƙa. Wannan shi ne kwatsait, shi ne ƙashin bayan jerin tuddan da suka ratsa tsakiyar wannan birni: Mapo inda aka gina babban ɗakin taro a 1929, da Oke Are inda hasumiyar Bower ta ke tun 1936, da Mokola inda otal ɗin Premier ya ke. Watau tudun nan da a ke hawa ana haki, asalinsa yashi ne kwance a ƙarƙashin ruwa. Dalilin da ya sa ya zama tudu kuwa shi ne ruwan sama ya fi samun galaba a kan duwatsun da ke kewaye da shi. Su sun ruɓe sun zaizaye sun zama kwari, inda Ogunpa ke gudu, shi kuwa ya ƙi.

Wanda ya gane wannan ya gane ambaliyar Ogunpa. Ruwan da ya sauka a kan tuddan ba ya samun wurin nitsewa sosai, balle yanzu da rufin kwano da kwalta suka rufe ko'ina, sai ya gangaro gaba ɗaya cikin kwarin. Dattawan da ke nan ba su manta da ran 31 ga Agusta, 1980 ba, matasa kuma sun ga ta 26 ga Agusta, 2011. Kwari hanyar ruwa ce tun kafin a kafa gari, wanda ya yi gini a ciki ko ya zuba shara, da ruwa ya ke jayayya.

Akwai abin da zai ba baƙo mamaki. Wannan tsohon dutse da ke ƙarƙashin Badun bai tsaya a ƙasar Yarbawa ba. Irinsa ne ƙarƙashin Kaduna da Zariya da Gusau da kudancin Katsina da yawancin ƙasar Kano. Kogin Kwara da kwantattun duwatsun Bida sun rufe shi a tsakani, amma ta ƙasa a haɗe ya ke. An auna wasu duwatsun Badun an sami shekarunsu sun kai miliyan 2,000, na Kaduna kuwa akwai waɗanda suka haura miliyan 3,000. Bakano ko Bazazzagin da ya zo Sabo ya sake harshe da abinci da yanayin damina, amma bai sake dutsen da ya ke takawa ba.

Lalle wani zai ce a ransa, wa ya ke nan sa'ad da aka yi dutsen har da za a ƙidaya masa shekaru? Tambaya ce mai kyau. Allah Shi ne Mahalicci, masana kuwa awo kawai su ke yi da abin da Ya ajiye. Akwai wani ma'adini, yuraniyam, irin wanda aka fara haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar a 1971. Halinsa shi ne yana juyewa ya zama dalma a hankali, bisa ƙa'idar da zafi ko sanyi ba su sakewa. Kamar tulu ne mai ɗiga, wanda aka san yawan ɗigarsa a sa'a guda: in an auna ruwan da ya rage a ciki da wanda ya taru a ƙasa, an san tun yaushe aka cika shi. Da irin wannan awo aka gane duniya kanta ta kai shekara miliyan 4,500.

To, ina amfanin wannan duka ga mai neman abinci? A fara da ruwa, tun da babu gidan da ke Sabo wanda bai san wahalarsa ba.

A ƙasar Sakkwato da Barno ruwa yana cikin dutsen yashi ne, kamar yadda ya ke zama cikin soso, shimfiɗe mil bayan mil. Akwai wurare a Barno da in an huda ƙasa ruwa ya kan taso da kansa ba tare da famfo ba. Mai haƙar da ya koyi sana'a a can ya saba cewa in maƙwabci ya sami ruwa a gaba goma, shi ma a nan zai samu. A Badun ba haka abin ya ke ba. Lafiyayyen nais ko giranit ba ya shan ruwa ko kaɗan. Ruwa yana wuri biyu ne kawai: cikin ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke kwance a kan dutsen, da cikin tsagogin dutsen kansa. Kaurin ruɓaɓɓiyar ƙasar nan kuwa ba ɗaya ba ne, wani wuri kafin a yi gaba biyu diga ta yi ƙara, wani wuri a yi ta tafiya. Saboda haka ne a kan ga gida biyu katanga ɗaya, wannan rijiyarsa ba ta ƙafewa, wancan ya kashe dukiya a kan rijiyar burtsatse ƙura kawai ta fito. Ba sammu ba ne, ba kuma lalle mai haƙa ne ya yi ha'inci ba. Injin ya sauka ne a inda babu tsaga.

Maganin abin sananne ne. Akwai na'urar da a ke kafa ƙarafa a ƙasa a tura lantarki, ta nuna inda ƙasa ta ke da damshi da inda dutse ya tsage. Ba ta rantsuwa a kan ruwa, amma tana rage asara ƙwarai, kuma kuɗin awon bai kama ƙafar kuɗin ramin da ya fito busasshe ba. Masu wannan ilmi suna nan cikin gari, Jami'ar Ibadan ta daɗe tana yaye su. Ya kamata unguwa ta haɗa kai a auna sau ɗaya a haƙa mai kyau, maimakon kowa ya huda tsakar gidansa.

Wata magana kuma ba ta da daɗin ji, amma dole a faɗe ta. Tun da ruwan rijiyoyin Sabo na saman dutse ne, ba mai zurfi ba, duk abin da ya shiga ƙasa yana iya isa gare shi. Ma'aikatan lafiya su kan ce a bar aƙalla ƙafa 100 tsakanin rijiya da shadda, rijiyar kuma ta kasance ta sama da gangare. Gida nawa ne a unguwar nan ke da wannan fili? Tsagar da ta kawo ruwa ita ce ta kan kawo ciwon ciki da amai da gudawa. Inda ba a iya nisantawa, to a ɗaure bakin rijiya da siminti, a rufe ta, a tafasa na sha.

Masu fasa dutse su ma suna da nasu. Ƙurar kwats ba kamar ƙurar hanya ba ce. In ta shiga huhu ba ta fita, sai ta yi ta yi masa tabo har numfashi ya gagara, kuma babu maganin da ke mayar da huhun yadda ya ke. Ciwon ba ya nuna kansa sai bayan shekaru, sa'ad da mutum ya koma gida, a ce tarin fuka ne ko sanyin Kurmi. Yayyafa ruwa a wurin aiki da rufe hanci da abin rufewa na gaskiya hakki ne a kan mai wurin, ba alfarma ba ce.

Sai maganar arziki, wadda ita ce ta cika wannan wuri da jama'a.

Bahaushe ba baƙon ma'adini ba ne. An tono shaidar narkar da tama a gindin Dala wadda ta kai ƙarni na 7. Mutanen Riruwai suna narkar da kuza suna sayarwa tun kafin Bature ya san hanyar Jos. Ayarin Buzaye na kawo gishirin Bilma, fatake na kawo kanwar Barno har cikin wannan gari. Da Turawa suka zo sai suka mayar da abin na hukuma, suka kafa ma'aikatar binciken ƙasa a 1919, suka kuma kwashi kuza da kolombait na Filato shekara da shekaru. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, har tilasta wa talakawan lardunan Arewa aka yi zuwa aikin kuza, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Abin da ya rage wa mutanen wurin a yau shi ne kududdufai. Wannan tarihi ya isa ya sa a yi tambaya duk sa'ad da aka ce an sami sabon ma'adini: wa zai haƙa, wa zai ci riba, wa za a bari da rami?

A nan ƙasar Oyo, arzikin yana cikin wasu jijiyoyi ne da suka ratsa tsohon dutse. Sa'ad da giranit ke hucewa, ruwan ƙarshe da ya rage, mai ɗauke da sinadaran da ba su sami wurin zama ba, shi ya kan kutsa cikin tsagogi ya daskare da manyan ƙwayoyi, wata ƙwayar ta fi kan mutum. Alamarsa ita ce farin kwats da manyan faifan maika a wuri ɗaya. A cikin irin wannan jijiya a ke samun tomalin, da akwamarin, da tantalait, da litiyam wanda a ke yin batirin waya da na mota da shi. Komu da Ofiki a Oke-Ogun sun yi suna a kan haka, kuma jan tomalin da aka samu a wannan jiha wajen ƙarshen shekarun 1990 ya kai sunan Nijeriya kasuwannin duniya. Shi ya sa Badun ta zama matattarar masu wannan ciniki, Hausawa da Yarbawa da mutanen Mali da Gini da Sanagal, har Gwamnatin Tarayya ta zaɓe ta domin kasuwar duwatsun ado, kamar yadda ta zaɓi Kano domin ta zinariya. Abin takaici shi ne yawancin dutsen ɗanye ya ke fita. A Bankok ta ƙasar Tailan da Jaifur ta Indiya a ke yanka shi a goge, a can ne kuma kuɗinsa ke ninkuwa. Yaron da ya shiga rami ya fito da shi, shi ne mai ƙaramin rabo. Duk gwamnatin da ke son talaka ya amfana, to ta koya wa 'ya'yansa yanka da gugar dutse, ta kuma kafa wurin gwaji inda mai kaya zai san abin da ke hannunsa kafin ya sayar.

Kafin a samu wannan, akwai gwaje-gwajen da ba su bukatar na'ura. Launi shi ne babban mayaudari, kama da wane ba wane ba ce. Abin dogara shi ne tauri da nauyi da zane. Wani Bajamushe mai suna Mohs ya jera ma'adinai a 1812 daga 1 zuwa 10, kowanne yana karce na ƙasa da shi. Farce yana wajen biyu da rabi, wuƙa da kwalba wajen biyar da rabi, kwats 7, safaya irin ta Mambila 9, lu'ulu'un daiman 10. Saboda haka in an kawo wa mutum koren abu ko shuɗi aka ce dutsen ado ne, ya gwada shi da ƙwayar kwats. In kwats ya karce shi cikin sauƙi, to akwai magana, mai yiwuwa kwalba ce aka goge. Kumfa 'yar mitsitsiya a ciki ita ma alamar kwalba ce. A wajen zinariya kuwa, akwai wani ma'adini mai ruwan ɗorawa da ƙyalli, fairait, wanda ya sa mutane da yawa sun sayar da gona. Zinariya in an buga ta da guduma miƙewa ta ke yi, shi kuwa farfashewa ya ke. In an goga ta a bayan farantin tangaran zanenta rawaya ne, nasa baƙi-baƙi. Nauyinta ya ninka na ruwa sau 19, nasa sau 5 kawai. Wanda ya riƙe waɗannan uku ba a sayar masa da fairait.

Amma asarar kuɗi ita ce ƙaramar asara. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a Jihar Zamfara. Da aka bincika sai aka tarar dutsen zinariyar da a ke haƙowa a wurin haɗe ya ke da dalma mai yawa. Maza na kawo shi gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ƙura na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega da maƙwabtansu, yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma dalma ta shiga jininsu, ga shi kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwa taɓawar da ba ta gyaruwa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Iyayen nan ba mugaye ba ne. Sun san zinariya, ba su san abokiyar zamanta ba. Duk mai zuwa Ilesha ko wani daji ya riƙe wannan: ba a kai dutsen ma'adini gida, ba a niƙa shi a busashe, ba a shiga wurin iyali da tufafin aiki. Zaibar da a ke kama zinariya da ita kuma, hayaƙinta in ana ƙonawa guba ne, ba a yinsa a ɗaki.

Na kusa kuma kowa a nan da kunnensa ya ji. Ran Talata 16 ga Janairu, 2024, da dare, ƙara ta girgiza Badun daga Bodija, tafiyar 'yan mintoci daga wannan wuri. Mutum 5 suka rasu, fiye da 70 suka ji rauni, gidaje masu yawa suka rushe. Gwamna Seyi Makinde ya bayyana cewa nakiyar fasa dutse ce wadda masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba suka ajiye a cikin gidan zama. Mazaunin Sabo ya san abin da ke biyo bayan irin wannan: baƙo a ke fara kallo, mai laifi da marar laifi. Saboda haka masu gidajen haya da masu masauki su san abin da a ke shigo musu da shi. Al'adar karɓar baƙo da ajiye masa kaya ita ta gina unguwar nan, amma ba ta haɗa da buhun da mai shi ya ƙi a buɗe ba.

Dokar ƙasa a fili ta ke. Tsarin Mulki na 1999 ya sa duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, ko da gonar ta gado ce. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasin na ƙananan masu haƙa, wanda a ke nema a ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja, ta kuma buɗe hanya ga waɗanda suka haɗu suka yi ƙungiyar gama kai. Mai saye da sayarwa shi ma akwai takardar da a ke bukata gare shi. Yardar baale ko ta mai gona wajibi ce, amma ita kaɗai ba lasin ba ce, kuma tun 2024 akwai dakaru na musamman da aka kafa domin kama masu haƙa ba izini. Mutum goma da takarda ɗaya sun fi mutum ɗari da ke gudu in sun ji ƙarar mota.

Saura magana ɗaya, ta iyaye mata, tun da ga su nan a baya suna saurare. Kwallin da a ke saya a kasuwa dunƙule, mai nauyi, mai ƙyalli kamar azurfa, wanda ke farfashewa murabba'i-murabba'i, mafi yawansa ma'adinin dalma ne, irin wanda a ke haƙowa a Zurak ta ƙasar Wase da wajen Abakaliki. Shi ne dai ma'adinin da ya yi ɓarna a Zamfara. Hukumar lafiya ta Amurka ta ba da labari a 2012 cewa an sami dalma a jinin wani jariri ɗan Nijeriya a birnin Boston, da aka gwada tozalin da a ke sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri ya kan murza ido ya kai hannu baki, ta nan ta ke shiga. Babba ya yi shawara da kansa, amma kada a sa wa jariri irin wannan kwalli, kada kuma a zuba masa shi a cibiya.